Ranar da Na Tsayar da Gwaggo a Bakin Ƙofa

Na gode wa Allah da ya ara mini kwana har na kawo wannan wuri a labarina, domin shi ne wurin da na fi jin nauyin rubutawa. Kun taso kuna jin 'yan'uwanmu na Ƙofar Taramniya suna cewa ubanku ya taɓa hana Gwaggo Hajo ruwa. Wasunku sun ji a gidan biki, wasunku a zaman makoki, kuma na san kunya ce ta hana ku tambayata. Maganar tana da tushe. Amma yadda ake faɗinta a gajarce ba ta nuna ko wace ce Gwaggo ba, ba ta kuma nuna inda abin ya karkace ba, shi ya sa zan kawo muku ita da tsawonta.

Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifina ce. Mahaifina marubuci ne, irin waɗanda ake kai wa tsohon littafi su kwafe shi da hannu a sabuwar takarda. Ya rasu ina ƙarami, ita ta ɗauke ni ta riƙe. Allah bai ba ta haihuwa ba, abin da take da shi a duniya ni ne da kajinta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin tsakar gidanta babu kaza da 'yan tsaki ba, kuma tana yi musu faɗa kamar masu jin magana. Kazar da aka yanka ranar kaciyata tata ce. Wadda aka dafa wa uwarku da ta haifi Balkisu ma daga akurkinta ta fito. Sunana Umaru, amma a bakinta ni Sanda ne, ko bayan da na je Makka na dawo mutane suka koma ce mini Alhaji.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa ina sayar da yadi a kasuwa. Sojojin da ke mulki suka dinga shela a rediyo cewa kowa ya noma abin da zai ci, ma'aikaci ya yi lambu a bayan gida, mai hali ya yi kiwo. Gari ya cika da 'yan kwangila, otal-otal suka buɗe, masu shayi a kowace kwana suna neman ƙwai. Sai na sami fili a Dundaye, can bayan gari, na gina dogayen ɗakuna biyu masu waya a gefe, na kewaye da katanga na sa ƙofar kwano. Daga kudu ake kawo 'yan tsakin cikin kwali mai huji, kajin turawa, waɗanda ba su san tsintar ƙwari ba sai abin da aka zuba musu. Ni ban san komai a kansu ba. Wanda ya sani shi ne maƙwabcina a Runjin Sambo, Malam Istifanus, malamin dabbobi na gwamnati, mutumin tsaunukan Filato. Shi yake zuwa a babur ɗinsa da fulas cike da ƙanƙara, da 'yan kwalabe a ciki, ya yi musu rigakafi.

Akwai rigakafin wani tari da ke kama kaji wanda a ruwan sha ake ba su. Tun da sassafe za a kwashe musu ruwa a bar su su ji ƙishirwa. Sai a ɗebo ruwan rijiya mai sanyi, domin na famfo yana da abin da ke kashe maganin, a kaɗa garin madara kaɗan, Malam Istifanus ya buɗe kwalbar a cikin ruwan ya motsa. Ya gaya mini cewa maganin nan ƙwayar cutar ce da kanta, da ranta, an dai karya mata ƙarfi, don jikin kaza ya san ta tun kafin mai ƙarfin ta zo. Tun da rai ne da shi, zafi yana kashe shi. Da zarar rana ta ɗaga, abin da ya rage a bokiti sai a zubar.

Wata rana na ɗauko Gwaggo a mota don ta ga gonar, aka yi dace ranar rigakafi ce. Ta zagaya tana riƙe da baki, tana cewa waɗannan ba kaji ba ne, fursunoni ne. Sai ta hango Malam Istifanus yana tuttular da sauran ruwan a gindin katanga.

"Sanda, mi wanga bawan Allah ka zubarwa?"

"Sauran magani na, Gwaggo."

"Magani anka sayo don a shayar da ƙasa?"

Malam Istifanus ya rusuna ya ce, "Mama, in rana ta ɗaga ba shi da sauran amfani."

"Kai da kaz zo daga garin sanyi, kai za ka gaya man rana? Ai wagga ba ta tashi daga kwana ba tukuna."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Da ranar rigakafi ta sake zagayowa, sai ga ta da kwandon kajinta, ta hana su ruwa tun safe kamar yadda ta ga an yi. Karo na gaba kuma ba ita kaɗai ba ce, domin ta gaya wa tsofaffin matan Dundaye cewa gonar ɗanta ana ba kaji ruwan da ke hana tari. Suka zo, wannan da kwando, waccan da zakara a hamata. Gwaggo ce shugabarsu. Ta ƙi yarda a ba su sauran da ya rage a waje, ta ce ruwan farko ya fi ƙarfi, a saki nasu cikin ɗaki su sha tare da baƙin kajin, ai kaza 'yar'uwar kaza ce. Malam Istifanus ya ja ni gefe.

"Alhaji, ba na son wannan abin. Kazar waje ba ta shiga ɗakin kaji."

"Malam, gwaggota ta. Ruwa kawai za su sha su hita."

"Ban damu da abin da za su sha ba. Abin da za su bari nake tsoro."

Ku da kuka taso yanzu wataƙila ba za ku gane abin da ya ɗaure mini baki ba. A garinmu za ka iya hana mutum aron jaki, ka hana shi 'yarka, duk a ce hakkinka ne. Ruwa kuwa ba a hana shi, ko ga baƙo, ko ga dabbar baƙo. Gidan da aka ce an taɓa hana ruwa a ƙofarsa, sunan yana binsa har jikoki. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin. Matan nan in sun gama sai su jeru su yi ta sa mini albarka, Gwaggo tana tsaye a gefe tana kallona kamar ita ta gina gonar. Mutumin da ya taso maraya, irin wannan kallon yana shigarsa. Na ce wa Malam Istifanus ya yi haƙuri, shi kuma ya yi, muka ci gaba a haka har kajin suka fara ƙwai.

Bayan damina abin ya zo. Da farko atishawa ce nan da can, sai ɗaki ya ɗauki wani irin gurnani, in ka tsaya shiru kamar ana tafasa ruwa a tukunya. Kajin suka daina cin dusa, suka tattakure suna buɗe baki. Ƙwan da ake kwashewa da kwando ya koma ɗai-ɗai, wanda aka samu ma ɓawonsa a tattare kamar fatar tsoho, in ka fasa farinsa ya zube kamar ruwa. Ƙananan da ke ɗaki na biyu su suka fi mutuwa. Kowace safiya sai mun haƙa rami. Waɗanda suka tsira kuma ba su ƙara yin ƙwan kirki ba, dole aka sayar da su ga masu nama. Abin da ya fi damun Malam Istifanus shi ne, wannan tarin shi ne wanda ya yi musu rigakafinsa da hannunsa. Ya duba fulas ɗinsa, ya duba kwalaben, bai ga inda ya yi sakaci ba. A ƙarshe ya ce mini abin da ya sani kawai, irin wannan cutar tana sauya kama, kuma wadda ta shigo ba ita ce ta cikin kwalba ba. Da na ce zan sake kawo 'yan tsaki, ya kafa mini sharaɗi.

"In kaza ɗaya ta waje ta ƙetare ƙofar nan, ka nemi wani. Ba zan sake tsayawa ina binne aikina ba."

A nan zan ɗan tsaya in kawo abin da ban sani ba a lokacin, sai da furfura ta rufe mini kai. 'Yar'uwarku Balkisu, da ta yi karatun ƙananan halittu, ta zo hutu wata shekara, muna zaune bayan la'asar na ba ta labarin nan, na tambaye ta yadda cuta take sauya kama. Sai ta ɗauko mini misali da aikin kakanku.

"Baba, ƙwayar cuta ba ta haihuwa, kwafe kanta take yi. Tana ɗauke da saƙo kamar rubutu, tana kuma da ɗan marubucinta da ke bin saƙon harafi bayan harafi yana fitar da sabo. Irin waɗannan ƙwayoyin, yawancinsu marubucinsu mai gaggawa ne, yana yawan kuskure. In kuma aka yi dace biyu 'yan dangi ɗaya suka haɗu a wuri ɗaya cikin jikin kaza ɗaya, to littafi biyu ke nan buɗe a gabansa. Yakan fara da wannan, ya kai tsakiya ya zame ya faɗa wancan, ya ƙarasa da shi. Abin da zai fito, kansa na wannan ne, ƙafarsa ta wancan."

Na ce mata wannan na san shi. Abokan mahaifina suna cewa marubuci mai sauri shi ne idonsa ke tsallake layi, mai natsuwa ba ya yi. Ke nan ƙwayar da ba ta yawan kuskure ba ta yin wannan haɗe-haɗen?

"A wasu haka ne," in ji ta. "Masu bincike sun ga idan aka taɓa marubucin, yawan kuskurensa da yawan tsallakensa sukan sauya tare, kamar daga hannu ɗaya suke fitowa. Kuma tsallaken yana yi wa cutar rana. Ka ɗauki kwafi biyu, ɗaya ya ɓaci a farko, ɗaya a ƙarshe. In aka haɗa rabi mai kyau da rabi mai kyau, an sami lafiyayye. Mai yawan kuskure yana bukatar wannan, in ba haka ba kuskuren ya taru ya kashe shi. Amma dangin tarin kajinka nasu daban ne. Su suna da mai duba, wanda ke bin marubucin yana gyara harafin da ya karkace, don haka kuskurensu bai kai na sauran ba, ga shi kuwa sun iya tsallake sosai. A wani ɗan'uwansu ma da aka cire mai dubawar, kuskure ya yi yawa, tsallaken ya ragu."

"Ke nan ku ma ba ku gane kansa ba."

"Ana kan nema, Baba."

Na tambaye ta ko abin da ya faru a Dundaye ke nan, ta cikin kwalba ta haɗu da ta jikin kajin matan suka fitar da ta uku. Ta ce yana yiwuwa, an ga irinsa a wasu wurare. Yana kuma yiwuwa wata iri ce daban da maganin bai san ta ba ta shigo kai tsaye, ko a jikin kajin matan, ko a tayar motar dusa, ko a kwalin ƙwai da ya zaga kasuwa ya dawo, ko ma a takalmin Malam Istifanus da ya fito daga wata gona. Tun da ba wanda ya ajiye komai aka auna, ba wanda zai sani. Ta ce rufe ƙofa daidai ne, ko yau shi za a ce in yi. Amma babu mai iya rantsuwa cewa kajin Gwaggo ne. Na daɗe ina juya wannan maganar, domin ni a wancan lokacin da an ba ni Alƙur'ani da na rantse.

Sababbin 'yan tsaki suka iso, aka sa ranar rigakafi. Abin da ya kamata in yi shi ne in je Ƙofar Taramniya in zauna a tabarmar Gwaggo in yi mata bayani mu biyu. Na yi niyya. Sau da yawa nakan kama hanya, in na tuna fuskarta sai in karkata kasuwa in ce gobe. Ita kuwa ta ji ranar a bakin uwarku, wadda ba ta san da sharaɗin ba. Da safe muna cikin kaɗa ruwa na ji hayaniya a waje. Na buɗe ƙofar kaɗan na fita na jawo ta a bayana. Ga Gwaggo ta sauko daga tasi da kwandonta, ga matan Dundaye a bayanta sun fi na kullum yawa.

"Sanda, kauce in wuce, kwandon ga na da nauyi."

"Gwaggo, yau ba a shiga da kaji."

"Wa yac ce?"

"Ni nic ce."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Gwaggo mace ce mai saurin gane abu, nan take ta sauko.

"To shi ke nan. Kawo muna ruwan nan waje, su sha mu tahi. Tun asuba ba su ga ruwa ba."

Ga hanya ta buɗe mini. Da na shiga na roƙi Malam Istifanus ya kaɗa musu nasu a wani bokiti an kai can gindin bishiya nesa da katanga, da yanzu ba ni da wannan babi. Amma ramukan da muka haƙa suna nan a idona, ga tsoron kada Malam ya ji kukan kaji ya hau babur ɗinsa, ga haushin kaina da na ƙi zuwa tun farko. Duk suka taru suka fito ta bakina.

"Babu ruwa. Kajinku sunka kashe man kaji, bai ishe ku ba?"

Kaji suka yi ta motsi cikin kwanduna. Gwaggo ta sauke nata a ƙasa, ta gyara mayafinta a hankali.

"Kajina, Sanda?"

Na kau da kai. Ta ɗan jira, sai ta juya ga matan ta ce, "Ku taho mu tahi, mai gona ya yi magana." Wata daga cikinsu ta ɗaukar mata kwandon. Na tsaya ina kallonsu har suka kai bakin titi. Da na koma ciki na tarar Malam Istifanus ya ji komai, yana tsaye da bokiti a hannu.

"Alhaji, ƙofa na ce ka rufe. Ban ce ka buɗe baki ba."

Kajin wannan karon sun yi kyau, ko atishawa ba su yi ba. Da ƙwansu aka yi muku kuɗin makaranta, da shi aka gina gidan da kuka girma a ciki, ba zan ce ban ga amfanin rufe ƙofar ba. Amma na kasa zuwa gaida Gwaggo. Nakan aika uwarku, ta dawo ta ce lafiya lau take, tana gaishe ni. Uwarku ce ma ta gaji da ni, ta ce in kaji ba za su zo wurin ruwa ba, me zai hana ruwa ya je wurin kaji? Da za a maimaita rigakafin bayan 'yan makonni, na roƙi Malam Istifanus ya fara kaɗa wani daban a jarka, ya nannaɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Na sa a mota na yi ta gudu don in riga rana.

Tun daga zaure na ji gidan ba daidai ba. Na yi sallama ta amsa da fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Tsakar gidan a share tas. Akurkin yana buɗe, kaskon ruwansu a kife a jikin bango.

"Gwaggo, ina kajin? Na kawo musu ruwa."

"Na raba su. Wasu anka yanka sadaka, sauran na ba masu so."

"Don mi?"

"Abin da yak kashe dukiyar ɗan ɗan'uwana ba ya kwana gidana."

Na dubi fuskarta ina neman gatse, ban samu ba. Da gatse ne da na ji sauƙi, domin mai gatse ana iya ba shi haƙuri. Gwaggo yarda ta yi da abin da na faɗa. Duk makonnin nan da nake zaton tana fushi da ni, ita tana zaune ne tana ganin da hannunta ta kai wa gonata mutuwa. Na ce mata fushi ne ya sa na yi maganar, kada ta riƙe.

"Kai ka yi boko, ga likita tare da kai. In kac ce su na, su na. Ni ad da laihi da nim matsa maka."

Na so in ce mata ba su ba ne, amma a ranar ni kaina na yarda su ne, kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Abin da zan faɗa mata ya sauke mata wannan nauyin sai a bakin Balkisu na ji shi, Gwaggo ta daɗe a ƙasa. Ta kira wata maƙwabciyarta ta ce ta ɗauki jarkar a ba kajin unguwa kafin rana ta yi zafi. Ta kawo mini fura na sha, muka yi hirar duniya, na tashi.

To wannan shi ne labarin. In kun sake jin an ce ubanku ya hana Gwaggo ruwa, kada ku yi musu, ku dai ƙara da cewa ita ba ta taɓa faɗin haka ga kowa ba. Ta ci gaba da zuwa gidanmu, ta goya wasunku, ta yi mini faɗa a kan komai kamar da. Na kai mata 'yan kaji na gida masu kyau don ta sake kiwo, ta yi godiya, washegari ta aika da su gidan wata mai jego. Ba ta ƙara ajiye kaza ba har Allah ya karɓi abarsa, Allah ya haskaka makwancinta. Na sha zama kusa da ita tana cin tuwo a tsakar gida. In ta ƙoshi sai ta gutsuro ragowar ta murmushe a tafin hannu, ta ɗaga za ta watsa, sannan ta tsaya, ta mayar cikin kwano ta rufe.